Ƙara wa injin babbar mota ƙarfi da kwamfuta: a auna zafi kafin a taɓa ƙwaƙwalwar mota

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da masu manyan motoci da direbobinsu, musamman waɗanda ke jan kaya tsakanin Abuja da Jos. Mu makanikan injin dizal ne da masu gyaran wutar mota a nan Jos. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda aikin ƙara wa mota ƙarfi da kwamfuta yake yaɗuwa, daga garejin Apo a Abuja har zuwa Farin Gada. Mutum zai zo da kwamfutarsa da wayarsa, ya jona a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, kafin awa guda ya ce maka motarka ta ƙara doki arba'in (doki shi ne ma'aunin ƙarfin injin), daga yau ba hawan da zai gagare ta. Aikin ba ƙarya ba ne, ƙarfi yana ƙaruwa. Sai dai akwai abin da ke biyo bayan ƙarfin, kuma mai sayar da aikin ba kasafai yake faɗa wa mai mota ba.

Injin dizal na zamani ƙwaƙwalwa ce ke tafiyar da shi, wadda a gareji muke kira birenbos. A cikinta kamfani ya rubuta yawan man da nozul zai fesa a kowane bugu, da lokacin da zai fesa shi, da matsin man a bututun da ke raba wa nozuloli, da yawan iskar da turbo zai tura, da iyakar ƙarfin juyin da aka yarda injin ya bayar a kowace giya. Kamfani ba ya ƙure waɗannan lambobi. Yana barin rata saboda ya san motar za ta sha mai marar kyau, za ta yi aiki cikin zafi da ƙura, kuma ba kowa ke canza baƙin mai a kan lokaci ba. Mai ƙara ƙarfi wannan ratar yake ci. A ƙasarmu kuwa duk abubuwan da aka bar ratar dominsu suna nan, ba ɗaya da ya rage.

Hanya uku ake bi. Ta farko ita ce a karanto rubutun ƙwaƙwalwar, a gyara, a mayar. Idan gwani ne ya yi, ita ta fi, domin mai da iska da lokacin fesawa duk tare ake daidaita su, kuma matakan kariyar injin suna nan a raye. Ta biyu ƙaramin akwati ne da ake jonawa tsakanin sansa, wato na'urar da ke auna matsin mai, da ƙwaƙwalwa. Mai arhar cikinsu aikinsa ɗaya: ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa matsin mai ya yi ƙasa alhali bai yi ba, ita kuma ta umarci famfo ya ƙara. Matsin man waɗannan injina dama yana kaiwa bar 1,600 zuwa sama da 2,000 daga kamfani (bar ma'aunin matsi ne). Idan aka ɗora a kan haka, famfo da nozul ne ke shan wahala, bawul ɗin sakin matsi ya riƙa buɗewa har ya saki jiki, kuma ƙwaƙwalwar ba ta san halin da ake ciki ba balle ta kare injin. Ta uku ita ce na'urar da ake maƙalawa a wayar totur. Wannan ko doki ɗaya ba ta ƙarawa. Tana sa ne idan ka taka rabi, mota ta ɗauka ka taka duka. Ga mai jan kaya ma illa ce, domin tashi da lodi yana son ƙafa mai taushi.

Ba kowace mota ce ma aikin ya shafa ba. Tsohuwar Marsandi 911, da Hilux mai injin 5L na da, da yawancin tifofin Howo 371 da ke ɗibar dutse a Mpape, famfon injekta na ƙarfe suke da shi, babu rubutun da za a canza. Abin da ake yi musu shi ne murɗa sukurun mai a jikin famfo, a ƙara mai ba tare da an ƙara iska ba. Sakamakonsa shi ne baƙin hayaƙin nan da ke rufe hanya. Hayaƙin man da ka saya ne bai ƙone ba, wani ya fita ta salansa, wani ya gangara ta gefen ringi ya gurɓata baƙin mai. Haka Hilux mai fetur, mai injin lita 2.7, wadda ta fi yawa a hannun ma'aikatu da 'yan kwangila: tunda ba ta da turbo, iskar da take shaƙa ita ce iyakarta, abin da kwamfuta za ta ƙara mata bai taka kara ya karya ba. Inda ake samun ƙari na gaske shi ne injin dizal mai turbo da ƙwaƙwalwa, irin Hilux mai 2KD ko 1KD ko 2GD ko 1GD, da DAF da MAN da Actros na baya-bayan nan. A nan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari abu ne mai yiwuwa ga injin mai lafiya. Mai yi maka alkawarin kashi 40 da kayan da motar ta zo da su, fistin ɗinka yake sayarwa.

Akwai misali a hannun kamfanin Toyota kansa. Injin 1GD mai lita 2.8 ya fito a 2015 da doki 177. A 2020 suka kai shi doki 204 da ƙarfin juyi 500 a ma'aunin Nm a mai giyar otomatik. Ba rubutun ƙwaƙwalwa kaɗai suka canza ba, sai da suka sa turbo mafi girma, suka kuma gyara hanyar sanyaya injin. Ƙarin doki 27 ke nan, wajen kashi 15 cikin ɗari, kuma waɗanda suka ƙera injin ba su yarda su same shi da kwamfuta zalla ba.

Yanzu a zo ga lissafi, domin shi ne zai nuna wa mai mota abin da yake saye. A ce tirela ce mai nauyin tan 40 da kayanta, tana hawan da ke tashi mita 6 a kowace mita 100, a gudun kilomita 30 a awa. Ɗaga wannan nauyi kawai yana cin doki wajen 260, ban da jan taya da abin da giya da aksul ke ci. A irin wannan hawa gudu yana bin ƙarfi ne kusan kai da kai. Ka ƙara kashi 15, gudun zai tashi daga 30 zuwa 34 da ɗoriya. Idan tsawon hawan kilomita 5 ne, minti 10 ya koma minti 8 da daƙiƙa 40. Abin da aka samu bai kai minti ɗaya da rabi ba. Amfanin da ya fi wannan shi ne motar tana iya riƙe giya ɗaya ba tare da direba ya yi ta canji a tsakiyar hawa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san yadda tirela ke mutuwa a kan tudu idan giya ta ƙi shiga. Amma kowa ya san iyakar ribar kafin ya biya.

Kuɗin wannan riba da zafi ake biyansa, kuma a hanyar Jos ya fi tsada. Garin nan yana kan tudu mai tsayin mita 1,200 daga saman teku, Abuja ba ta kai rabin haka ba. A wannan tsayi matsin iska ya ragu da kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan haka na ƙarfinsa, shi ya sa direba ke jin mota ta yi nauyi da ya wuce Hawan Kibo. Mai turbo yana cike giɓin ne ta hanyar ƙara saurin juyawa, wato turbo yana aiki kusa da iyakarsa tun kafin a taɓa komai. Idan an rubuta masa sabuwar doka a Legas ko a wata ƙasa mai sanyi da ke bakin teku, aka ce ya ba da iska kaza, a nan sai ya yi juyin da ya wuce ƙa'ida kafin ya kai. In kuma bai kai ba, mai ya fi iska yawa, zafin hayaƙi ya hau.

Wannan zafin hayaƙi shi ne abin da allon gaban direba ba ya nunawa. Allurar zafi da ke dashbod ruwan lagireto take aunawa, kuma ruwa yana jinkirin amsawa. Cikin daƙiƙa talatin na taka totur har ƙasa a babbar giya, hayaƙi zai iya haura digiri 750 allurar ruwa ba ta motsa ba. Fistin injina da yawa da gorar ruwa, wato alminiyam, ake yinsa, ita kuwa tana narkewa a wajen digiri 660. Abin da ke ceton sa shi ne baƙin man da ake fesa masa daga ƙasa da sabuwar iskar da ke shigowa a kowane zagaye. Idan zafin ya daɗe, bakin kwanon fistin ya fara tsagewa, bawul ya ƙone, manifol ya lanƙwashe, fukafukan turbo su fara cinyewa. Saboda haka kafin a ƙara ko doki ɗaya, a sa mitar zafin hayaƙi. A huda manifol, wato bututun da ke tara hayaƙin silindoji, kafin turbo a dasa sansar, a kwance turbon ko a tabbatar an kwashe garin ƙarfen da hudawar ta zubar, domin ƙwaya ɗaya ta isa ta ɓare fiffike. Idan an dasa ta bayan turbo, a sani tana nuna ƙasa da gaskiya da digiri 100 zuwa 150, wani lokaci fiye. Dokar da muke ba direbobi ita ce kada a zauna sama da digiri 650 zuwa 700 a ma'aunin gaban turbo. Da allura ta doshi can, a sauko da giya ɗaya, a ɗan ɗaga ƙafa. Juyin injin zai ƙaru, iska ta ƙaru, famfon ruwa da fanka su ƙara sauri, zafin ya sauka a gaban idonka. Jan lodi a babbar giya da injin yana gurnani ƙasa-ƙasa shi ne ke kashe injin da aka ƙara wa mai, ko da yake direbobi da yawa sun ɗauka hakan tattalin mai ne.

Mafi yawan motocin da ake kawowa da kukan ba sa ja, ba ƙari suke buƙata ba, ƙarfinsu na asali ne ya zube a hanya. A fara da sa kwamfuta a karanta laifukan da ƙwaƙwalwa ta ajiye, a duba lambar gyaran kowane nozul. Wanda ya yi nisa da 'yan uwansa a cire shi a kai bencin gwaji. A auna matsin kowace silinda, bambanci tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A toshe hanyar iska a hura mata matsi, a bi tiyo-tiyo da ruwan sabulu: ƙaramar tsaga a tiyon intakula, mai sanyaya iskar turbo, ko kilif da ya saki yana zubar da iskar da turbo ya sha wahalar tarawa, mota ta yi hayaƙi ta rasa ƙarfi. A raba intakula da lagireto a wanke tsakaninsu, domin a nan ƙurar hunturu da ciyawa da ƙwari ke taruwa su zama tabarma, daga waje kuma ba a gani. Filtar iska a canza ta, a daina bugun ta a jikin taya ko hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage. A injin 1KD a duba washa, wato zoben da nozul ke zama a kai. Idan ya fara yoyo, baƙin gawayi yana sauka cikin baƙin mai ya toshe rariyar famfon mai a ƙasan injin. Mota da yawa, da an gama wannan, mai ita da kansa yake cewa a bar maganar kwamfuta.

Sai maganar ruwa. A tsayin Jos ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, ba 100 ba. Murfin lagireto mai riƙe matsin bar 0.9 zuwa 1.1 shi ke ɗaga wannan zuwa kusan 120, don haka murfin da robarsa ta mutu ya isa ya sa mota amai a tsakiyar hawa. A zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya, a bar ruwan rijiya da na burtsatse masu barin farin gishiri a cikin bututu. Kuma muna roƙon 'yan uwanmu makanikai su daina cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin, da sunan ƙasarmu da zafi. Injin mai ƙwaƙwalwa idan ya ga ruwa bai kai zafin aiki ba, yana ɗauka har yanzu safiya ce, ya ci gaba da ba da mai yadda bai kamata ba. A injina da yawa kuma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya shiga lagireto ba. Ka cire shi, wani ruwan ya daina zuwa inda zai huce.

Man da za a sha shi ma sharaɗi ne. Dizal da aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da famfo ke buƙata, mai ruwa a ciki kuma yana cin bakin nozul. Duk motar da za a ƙara wa ƙarfi a sa mata ƙarin filta mai raba ruwa da mai kafin ta kamfani, a riƙa tsiyaye ta kowace safiya.

Ranar aikin, abu biyu ne ba a sassauci a kansu. Na farko, a karanto rubutun asali a ajiye, mai mota ya karɓi kwafinsa a filashi ya tafi da shi gida. Wanda ya ƙi ba ka, kada ka bar shi ya ci gaba, domin ranar da abu ya ɓaci ba ka da inda za ka koma. Na biyu, wuta. Rubuta ƙwaƙwalwa yana ɗaukar mintuna, kuma idan batir ya faɗi ko waya ta motsa a tsakiya, birenbos ya mutu, mota ba za ta ko tashi ba. A jona caja mai riƙe wuta daidai, bolt 13 zuwa 14 ga ƙananan motoci, 26 zuwa 28 ga manya masu batir biyu, kwamfutar kuma ta kasance da cikakken caji, kada a dogara da wutar layi ko janareta mai hawa da sauka. A tambayi mai aikin wace lamba ya canza. Idan amsarsa ita ce fayil ne ya sauko da shi daga intanet, to bai san abin da ke ciki ba. A tabbatar bai kashe kariyar da ke rage mai idan ruwa ko iska sun yi zafi ba, domin wasu suna kashe ta don kada mota ta "yi kasala". Gwaji kuma da lodi ake yinsa, a kan tudu, kwamfuta tana jone tana rubuta iska da matsin mai da zafi. Zagaya unguwa da mota fayau ba ya nuna komai.

Ƙarfin da aka ƙara ta kuloci da giya zai bi. Rubutun da ke jibga ƙarfin juyi tun daga ƙasa, kafin juyi 1,600 a minti, yana da daɗi a ƙafa amma shi ke cinye faifan kuloci, ya girgiza filawil, ya sassauta kurosin furofela. Gwajin kuloci mai sauƙi ne: a babbar giya, a matsakaicin gudu, a taka totur duka, idan allurar juyi ta yi tsalle gudun mota bai bi ta ba, kuloci ya fara sulɓi, kuma ba zai warke da kansa ba. Mai giyar otomatik ya sa ido kan zafin man giya. Digiri 80 zuwa 95 lafiya ne. Idan yana zama sama da 110 a hawa, man yana ƙonewa, a ƙara masa ƙaramin lagireto nasa, a kuma riƙa kulle giya da hannu a ta uku ko ta huɗu maimakon a bar ta tana kai da komo.

Abin da ya fi damun mu shi ne gangara. Kwamfuta tana ƙara wa mota ƙarfin hawa, ba ta ƙara wa birki komai. Amma mai mota da ya ji tana ja, abu na gaba da yake yi shi ne ƙara buhu, ko dankalin Bokkos ne za a kai Abuja ko siminti ne za a hauro da shi. Tirela mai tan 40 idan ta sauka mita 100 a tsaye, zafin da dole wani abu ya shanye ya kai na ƙona litar dizal guda. Daga Jos zuwa Abuja ana sauka fiye da mita 600, kuma kaso mai yawa a Hawan Kibo da abin da ke bayansa yake. Idan aka bar wa birkin ƙafa wannan aiki, duram ya yi zafi ya buɗe, lainin ya yi santsi, yawan dannawa kuma ya ƙarar da iskar tanki. Abin da ake kira tsinkewar birki ke nan, kuma mutanen Riyom sun san abin da yake haifarwa. A shiga ƙaramar giya tun daga saman tudu, wadda aka hau da ita ko ƙasa da ita, a kunna birkin salansa ko ritada, masu rage gudu ba tare da birkin ƙafa ba, kada a taɓa sakin mota a firi. Wanda birkin salansarsa ya mutu, kuɗin da ya tanada don kwamfuta can ya fi dacewa ya kai su.

Wasu masu aikin suna haɗawa da cire iyakar gudu a matsayin gyara. Tun 1 ga Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya da na kaya, kuma iyakar tirela da tanka kilomita 60 ce a awa a babban titi mai hannu biyu. Daga 60 zuwa 80, aikin da birki zai yi kafin mota ta tsaya ya kusa ninkawa biyu. Kada a yarda a taɓa wannan lamba.

Masu a-kori-kura da ke jan ƙaramar tirela, ko janareta, ko tankin ruwa, su duba takardar motarsu. Hilux mafi ƙarfi kilo 3,500 aka yarda ta ja, kuma sai abin da ake jan yana da birkin kansa. In ba shi da shi, kilo 750 ne. Wannan iyaka daga shasi da ƙugiya da birki da taya ta fito, kwamfuta ba ta ɗaga ta. A jera kaya yadda wajen kashi 60 zai zauna gaban aksul ɗin tirelar, nauyin da ke danna ƙugiya ya zama kusan kashi 10 na duka. Idan baya ya fi nauyi, tirela za ta fara lilo a gangara, ta ja motar da ke janta.

Game da cire matatar hayaƙi da toshe bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin injin, wanda ake yi wa motocin Beljiyam da yawa, mun san abin da ke kai mutane ga haka. Amma a 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, kuma waɗanda suka fi shaƙarsa su ne yaron mota, da makanike, da mai talla a bakin tasha. Matatar da ta toshe ana iya wanke ta, kuma sau da yawa nozul mai yoyo ne ko baƙin man da bai dace ba ya toshe ta.

Wanda ya cika duk sharuɗɗan nan ya ƙara kashi 10 zuwa 15, to hidimar motarsa ta canza. Baƙin mai a a-kori-kura kada ya wuce kilomita 5,000, a babbar mota a rage tazarar da aka saba. Injin da ba shi da matatar hayaƙi 15W-40 mai lambar CI-4 ya ishe shi. Mai matata sai mai ƙarancin toka da littafin motar ya ambata. Bayan doguwar hawa kada a kashe injin nan take a wurin cin abinci, a bar shi yana sulo minti uku zuwa biyar har mitar hayaƙi ta sauko wajen digiri 200, in ba haka ba man da ya tsaya cikin turbo ya soye ya zama gawayi a kan shaf. Idan kuma aka ga baƙin hayaƙi mai ɗorewa bayan turbo ya ɗauka, ko ruwa ya fara raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko tiyon lagireto yana tauri da sassafe kafin injin ya yi zafi, a tsayar da motar, a ɗauko filashin nan a mayar da rubutun asali, sannan a auna gasket ɗin top kafin a sake ɗora mata kaya.

Mun gode da wannan fili da aka ba mu. Allah Ya tsare direbobinmu da duk masu bin hanya.

Daga wasu makanikan injin dizal da masu gyaran wutar mota,
Jos, Jihar Filato.